Ƙashin ƙafar sa mai ramin ɓargo biyu: wai da gaske yatsu ne irin namu?

Ɗan Fawa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni fawa na gada, kuma ɓangaren kai da ƙafa nake yi a kwata, babbaka da kankara da sara duk aikina ne. Karatuna bai wuce sakandare ba, saboda haka a yi mini uzuri in tambayar ta zo a karkace.

Duk wanda ya saba sarar ƙafar sa ya san dogon ƙashin nan da ke tsakanin gwiwa da kofato. In ka kankare shi tas za ka ga wani ɗan kwarmi ya bi tsakiyarsa daga sama har ƙasa. Can ƙasa kuma sai ya rabu gida biyu, kowane gefe da kofatonsa. In ka datse shi a gicciye, ramin ɓargon ma biyu za ka tarar, da siririn bango a tsakani. Na akuya da na tunkiya ma haka suke, ƙanƙanta ce kawai ta raba su. Amma ƙashin cinya rami ɗaya gare shi.

Ƙanena da ke karatu a kwalejin ilimi ya ce mini, “Yaya, ai yatsu biyu kake sara, irin naka na hannu.” Har ya ƙara da cewa abin da muke kira gwiwa a ƙafar gaba ba gwiwa ba ce, wuyan hannu ne, kuma wai fiffiken jemage da na kaza duk jerin ƙashinsu ɗaya da hannun mutum. Abokan aikina suka yi ta masa dariya, amma ni maganar ta tsaya mini a rai, don ramin nan biyu ba ya rasa dalili.

To masu ilimi, maganar yaron nan gaskiya ce? In yatsu biyu ne, ina sauran ukun suka tafi? Kuma ta yaya aka gano?

Malamar Bayoloji ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Fawa. Tambayarka ba ta karkace ba. Abin da kake gani kullum a kan gungumen sara ya fi zanen da nake yi wa ɗalibaina a allo nesa ba kusa ba. Ƙanenka ya yi gaskiya, sai ɗan gyara guda da zan yi masa.

Miƙa hannunka ka bi shi daga kafaɗa. A damtse ƙashi ɗaya ne. Daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu biyu ne a jere. A wuyan hannu akwai ƙananan ƙasusuwa takwas a cure wuri ɗaya. Sai dogaye biyar a cikin tafi, waɗanda nama ya lulluɓe ba ka ganin rabuwarsu, sannan gaɓoɓin yatsu 14, uku-uku a kowane yatsa, biyu a babban yatsa. Riƙe jerin nan a ka: ɗaya, biyu, curi, sai tafi da yatsu.

Yanzu koma kan ƙafar gaba ta sa. Damtsensa gajere ne kakkaura, yana can sama a binne cikin nama, gwiwar hannunsa ma tana manne kusa da haƙarƙari, shi ya sa ba a lura da ita. Ƙashi biyun suna nan, sai dai ɗayan ya sirance ya manne da ɗan'uwansa. Wurin da kuke ce wa gwiwa, inda kuke zura wuƙa ku cire ƙafar ba tare da gatari ba, shi ne curin wuyan hannu, kuma ƙananan ƙasusuwa shida ne a wurin. Dogon ƙashin da ka yi tambaya a kansa kuwa, a nan gyaran yake: ba yatsun ba ne tukuna, ƙasusuwan tafi ne, na uku da na huɗu. A jikin ɗan tayin saniya a rabe suke, daga baya suke haɗewa su zama ɗaya. Kwarmin da kake gani shi ne tabon haɗin, bangon da ke cikin ɓargon kuma ragowar gefen kowannensu ne. Yatsun su ne gajerun ƙasusuwan da ke ƙasa, uku a kowane gefe daidai da naka, na ƙarshen yana cikin kofato. Kofaton kansa farce ne. Wato sa mai nauyin ɗaruruwan kilo a kan ƙarshen yatsu biyu yake tsaye a kowace ƙafa.

Sauran ukun fa? Duba bayan ƙafar, 'yan kofatan nan biyu da ba sa taɓa ƙasa su ne abin da ya rage na yatsa na biyu da na biyar. Babban yatsa kam ya tafi gaba ɗaya. A ƙafar baya ma, gaɓar nan da ta lanƙwasa ta baya har mutane ke cewa gwiwar sa a juye take, diddige ce a ɗage sama.

Doki da jaki sun ma fi sa rage kaya, yatsa ɗaya tilo suke takawa, na tsakiya. A gefe da gefen dogon ƙashinsu akwai sirara biyu da suka sauko suka tsaya a hanya, babu yatsa a ƙarshensu. An tono ƙasusuwan magabatan doki na shekara kusan miliyan 55, dabbobi ne da ba su wuce kare girma ba, da yatsu huɗu a gaba, uku a baya. Jemage kuma akasin haka ya yi, yatsu huɗu suka yi tsawo ƙwarai, fata ta shimfiɗu a tsakaninsu, babban yatsa ya rage a waje da ƙumbarsa. In ka ci fiffiken kaza ka lura: ƙashi ɗaya a gindi, biyu a tsakiya, sai tsinin ƙarshe inda ragowar yatsu uku suka cure. Amma ɓare fiffiken fara, ba za ka sami ƙashi ko ɗaya ba. Fara da jemage duk tashi suke, amma gininsu daban. Jemage da sa kuwa aikinsu bai haɗu ba, gininsu ne ɗaya. Wannan shi ne abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai.

Tun 1555 wani Bafaranshe, Pierre Belon, ya zana ƙwarangwal na mutum da na tsuntsu gefe da gefe, ya sa wa kowane ƙashi harafi ɗaya da takwaransa. A 1843 Richard Owen na Ingila ya tsara ma'anar irin wannan kamanni a ilmance. Charles Darwin a 1859 shi ne ya ce dalilin kamannin gado ne daga asali ɗaya.

Abu Sumayya ya amsa:

Malama, Allah ya ƙara sani. Bayanin ƙasusuwan na gamsu da shi, don abu ne da kowa zai iya dubawa ranar layya. Inda ban bi ki ba shi ne layinki na ƙarshe. Kamanni bai zama hujjar cewa wannan daga wancan ya fito ba. Maƙeri ɗaya in ya ƙera fartanya da gatari da lauje za ki ga hannunsa a jikin dukkansu, amma ba wanda zai ce lauje jikan gatari ne. Allah ya faɗa mana a Suratun Nur cewa ya halicci kowace dabba daga ruwa, akwai mai tafiya a kan cikinsa, akwai mai ƙafa biyu, akwai mai huɗu. Mahalicci ɗaya, tsari ɗaya. Me ya sa sai an jawo Darwin cikin maganar? Ba gardama nake nema ba, so nake in ji abin da ya sa ku kuke ganin amsar nan ba ta wadatar ba.

Basarken Yawuri ya amsa:

Ni ban yi boko mai nisa ba, amma ruwa na sani. Akwai halitta biyu da nake so Malama ta duba mana.

Ta farko gaiwa. Ba ta da faffaɗan fiffike irin na karfasa ko tarwaɗa, wasu dogayen zarurruka huɗu ne a jikinta, biyu gaba biyu baya, daidai inda ƙafa take zama a jikin ƙadangare. Tana leƙowa saman ruwa ta shaƙi iska, in ta daɗe a raga a ƙarƙashin ruwa mutuwa take. Da rani kuwa in fadama ta ƙafe sai ta shige laka ta naɗe, a zo da fartanya a haƙo ta da ranta. Manya suna cewa jikinta take ci har damina ta dawo.

Ta biyu ayu. Yanzu ganinsa ya yi wuya ƙwarai. Mahaifina ya sha gaya mana cewa hannuwansa biyu na gaba har da farce, kuma macen shayar da ɗanta take. To shi kuma ina ƙafafunsa na baya?

Malamar Bayoloji ta sake amsawa:

Malam Abu Sumayya, tambayarka ta mutunci ce, kuma kana da abokin ra'ayi babba, don Owen da na ambata bai yarda da bayanin Darwin ba. Zan faɗi abin da ya sa galibin masanan halittu suka tafi a kan gado, kai kuma ka auna.

Mu tsaya a misalinka. Maƙeri ba ya barin guntun gatari a jikin lauje. Amma a dabbobi ragowa muke ta tsinta. Akwai sirarun ƙasusuwan ƙafar doki da na faɗa. Akwai wel, ƙatuwar dabbar tekun nan mai shayarwa, wadda har yau take da 'yan ƙasusuwan ƙugu a cikin nama, ba a haɗe da ƙashin baya ba. A hamadar Masar, a Wadi al-Hitan da ke yankin Fayyum, an tono wani tsohon wel mai suna Basilosaurus, tsawonsa ya haura mita 15, amma yana da ƙafafun baya da ba su kai mita ɗaya ba, har da gwiwa da yatsu. A 1990 aka wallafa wannan. A 2001 kuma aka samo a Pakistan waɗanda suka girme shi, masu ƙafa huɗu sosai, kuma ƙashin idon sawunsu yana da kwarmi sama da ƙasa, siffar da aka san dangin sa da akuya da raƙumi da ita. Malam Ɗan Fawa ya san ƙashin nan ko bai san sunansa ba. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa a cikin dabbobin da ke raye dorina ce mafi kusa da wel.

Abu na biyu, kuma shi ya fi nauyi a wurina, shi ne jerin da ke cikin duwatsu. Akwai kifi mai suna Eusthenopteron daga Kanada, na shekara kusan miliyan 380. Kifi ne cikakke, amma a cikin fiffikensa akwai ƙashi ɗaya, sannan biyu. Akwai kuma wani tsohon mazaunin ruwa mai suna Acanthostega daga tsibirin Girinland, na shekara kusan miliyan 365, wanda Jenny Clack ta Jami'ar Kambirij ta kwaso ƙasusuwansa a 1987. Shi yatsu gare shi. Sai wasu masana a Amurka, Neil Shubin da Ted Daeschler da Farish Jenkins, suka ce in lissafin daidai ne, to duwatsun tsofaffin rafuka na tsakanin waɗannan shekarun ya kamata su ƙunshi wani abu tsaka-tsaki. Suka buɗe taswira, suka zaɓi tsibirin Ellesmere can ƙuryar arewacin Kanada, suka yi ta komawa shekara da shekaru. A 2004 suka tono Tiktaalik, mai shekara miliyan 375. Yana da ɓawon kifi da fiffike, amma kansa a baje yake, yana da wuya, kuma a cikin fiffiken akwai kafaɗa da gwiwar hannu da ƙasusuwan wuyan hannu. Sun faɗi wurin da shekarun kafin su gani, shi ya sa nake ɗaukar wannan da muhimmanci.

Kada in sa ku ɗauka komai ya zauna daram. A 2010 an ba da rahoton sawun wata dabba mai ƙafa huɗu a wani dutse a ƙasar Folan, mai shekara kusan miliyan 390, wato ya girmi Tiktaalik. Har yanzu ana ja-in-ja a kansa. In ya tabbata, Tiktaalik ba kakan kowa ba ne kai tsaye, ɗan dangi ne da ya riƙe tsohuwar siffa.

Wani abin da ya ba kowa mamaki shi ne yatsun Acanthostega takwas ne, ba biyar ba. Wasu tsofaffin dabbobi irinsa ma haka, Ichthyostega bakwai a ƙafar baya, Tulerpeton na Rasha shida. Biyar daga baya ta zauna. Kuma Acanthostega da hanyar numfashin kifi yake, hannuwansa ba su da ƙarfin ɗaukar jikinsa a tudu. Ke nan yatsu a cikin ruwa suka fara, wataƙila don kutsawa cikin ciyayin fadama, hawa tudu daga baya ya zo.

Batun wane ne ya tsara kuwa, guduma da madubin ɗakin bincike ba sa auna shi. Ni Musulma ce, abin da nake koyarwa shi ne yadda abin ya gudana gwargwadon shaidar da ke hannu. Maganar tafsiri da halittar Annabi Adamu, alaihis salam, fagen malamanmu ne, ba na shiga inda ban ƙware ba.

Baba Basarke, ka kawo babbar shaida. A duk kifayen da ke raye a duniya, gaiwa da 'yan'uwanta na Ostireliya da Kudancin Amurka su ne mafi kusa da masu ƙafa huɗu. Ta fi kusa da kwaɗo da akuya a kan karfasar da take kwana ruwa ɗaya da ita. Fiffiken karfasa ƙayoyi ne da yawa a baje, zaren gaiwa kuwa da gaɓa ɗaya yake haɗuwa da jiki, yadda damtse yake haɗuwa da kafaɗa. A 2011 masu bincike a Jami'ar Shikago sun sa irin gaiwarmu ta Afirka ta Yamma a tankin gilashi, suka ɗauki bidiyonta tana taka ƙasan ruwan da zarurrukan baya, wani lokaci ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci tare. Sai dai ita ma dangi ce, ba kaka ba, zarurrukan nata sun sirance a tata hanyar. Ayu kuwa mahaifinka ya faɗi daidai. A cikin hannun nan akwai ƙashin yatsu biyar, kuma giwa tana cikin danginsa na kusa. Ƙafafun baya sun tafi, saura 'yan ƙasusuwan ƙugu a cikin nama. An tono wani tsohon ɗan danginsa a Jamaika mai ƙafa huɗu cif, na shekara kusan miliyan 50.

Anti Ungozoma ta amsa:

Kun yi ta maganar duwatsu, bari in kawo ku ɗakin haihuwa. A ƙarshen mako na huɗu da shigar ciki hannu yake fara tsirowa, ɗan tsiro ne kawai a gefen jiki, ƙafa ta biyo baya da kwana ɗaya ko biyu. Zuwa mako na shida ƙarshensa ya baje, babu rabuwar yatsu. Sai naman da ke tsakanin yatsun ya mutu da kansa, zuwa mako na takwas sun rabu. In aikin bai kammala ba a haifi yaro da yatsu biyu a manne. A lokacin nan mata da yawa ba su ma tabbatar suna da ciki ba, shi ya sa nake faɗa da shan magani barkatai. Akwai maganin talidomaid da aka fara sayarwa a Jamus a 1957, masu ciki suna sha don laulayi. Kafin a janye shi a 1961 an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasa, da yawansu hannuwa ko ƙafafu a guntule.

Da Malama ta ce yatsu takwas sai na tuna cindo. Muna ganinsa sosai, kuma an san ya fi yawa a tsakanin baƙar fata. Galibi a gefen ƙaramin yatsa yake rataye da 'yar fata, kuma yana bin gida, in ka tambaya sai ka ji uba ko kaka ma da shi aka haife su. Roƙona ga iyaye, a daina ɗaure shi da zare a gida. Wani akwai ƙashi ko jijiya a ciki, yakan yi ruwa ko ya bar kututture mai zafi. A kawo asibiti a duba tukuna.

Malama, shin cindo komawa baya ce zuwa ga waɗancan masu yatsu takwas?

Malamar Bayoloji ta amsa:

A'a Anti, ba komawa ba ce. Cindo maimaicin ɗaya daga yatsun da ake da su ne, saƙon da ke rarraba yatsu ne yake ɗan zarcewa.

A ƙwan kaza aka fara gano saƙonnin nan. A 1948 John Saunders ya fasa ɗan gefen ƙwai, ya kankare siririn gefen da ke bakin tsiron fiffiken ɗan tsako. In ya cire da wuri, damtse kaɗai ke fitowa. In ya jinkirta, sai yatsun kawai a rasa. Da haka aka san daga kafaɗa zuwa yatsa ake ginin, bi da bi. A 1968 shi da abokiyar aikinsa Mary Gasseling suka yanko ɗan nama daga gefen baya na tsiron suka dasa a gefen gaba, sai fiffiken ya fito da yatsu ninki biyu, suna fuskantar juna. A 1993 aka gano sinadarin da wurin yake fitarwa, ana rubuta shi Shh a taƙaice, kuma shi ɗin ne yake aiki a ɓera da mutum da fiffiken kifi. Agwagwa ma da tsarin kaza take farawa, sai wani sinadari ya hana naman tsakanin yatsunta mutuwa. A 2014 an nuna cewa a tayin saniya tsiron ƙafar ba ya amsa saƙon Shh yadda na ɓera yake amsawa, a doki da raƙumi kuma ƙarin mutuwar nama a gefe da gefe yana cikin abin da ke share yatsun.

Shh yana da wani makunni a cikin ƙwayoyin gado da ke kunna shi a hannu da ƙafa kaɗai. In makunnin ya sami ɗan canji a mutum, ana samun ƙarin yatsa ta gefen babban yatsa, wanda ba shi ne irin cindon da kika fi gani ba. A macizai kuwa makunnin lalacewa ya yi. Mesa har yanzu tana da 'yan ƙumbobi biyu kusa da gindin wutsiya, da ragowar ƙashin ƙugu da na cinya a ciki. A 2016 wasu masu bincike a Kalifoniya sun cire makunnin ɓera suka sa na maciji a gurbinsa, aka haifi ɓeraye da guntayen dungu a madadin ƙafafu. Da suka mayar wa makunnin mesa haruffan gado 17 da suka ɓace daga cikinsa, wato 'yan gutsattsarin saƙon da ke cikin ƙwayoyin gado, suka sake gwadawa, ɓerayen suka fito da ƙafafunsu da yatsunsu cikakku.